Goshin Jirgin Yeray

Ni na riga kowa gani. Duk wanda ya ce muku shi ya fara hango soyayyar Yeray da Idaira ƙarya yake yi, ko da limamin cocinmu ne. Ni Eulogio, wanda bai taɓa zama a aji ba, wanda teku ta haɗiye ta tofar don na yi mata ɗaci, ina zaune a tashar ruwa ta Caleta Parda ina gyaran taru ranar da jirgin fito ya sauke ta.

Yeray yaro ne mai tarbar baƙi. Yana da baron ɗaukar akwatuna, don titunan tsibirinmu yashi ne zalla, da kwale-kwale mai inji da ya gada wurin mahaifinsa, wanda yake zagayawa da masu yawon shaƙatawa. Ya hango budurwa ta sauko da baƙin gilashi tana jan akwati mai taya, sai ya garzaya.

"Barka da zuwa, baiwar Allah. Kawo akwatin, tayarsa ba ta tafiya a yashi. Takalman nan masu tsini ki ajiye su sai kin koma gida. Ki sayi hula yau, iskarmu mai sanyi ce, ba za ki san rana ta gasa ki ba sai kin zo kwanciya. Shaguna suna rufewa da azahar sai la'asar, ki sayi ruwan gora tun yanzu."

"Sai kuma me?" in ji ta.

"Ki riƙe kuɗi a hannu, na'urar cirar kuɗi ɗaya ce a garin, ita ma tana da ranakun fushinta. In za ki ci kifi ki tambayi na yau, kada ki zaɓa daga hoto. Kuma duk wanda ya ce ki yi wanka a gaɓar arewa ba masoyinki ba ne, ruwan can yana ja."

Ta cire gilashin a hankali.

"Yeray ɗan marigayi Tino, ni kake koya wa gaɓar arewa? Ni da na tura ka cikin ruwa a nan wurin muna yara, ka fito kana kiran babarka?"

Idaira ce, 'yar Don Chano masunci, ta dawo daga karatun jinya a babban tsibiri, za ta kama aiki a asibitin garinmu. Yaron ya saki baron ya faɗo masa a ƙafa, bai ko ji zafi ba. A take na ce wa taruna, an gama.

Ba a jima ba waya ta fara aiki. Saƙonnin nan ba ji na yi a gari ba, su da kansu suka karanta mini, don ni ba na karatu.

"Baƙuwata, ga shawarar yau kyauta: kada ki fito da yamma da murmushin nan, masu kwale-kwale suna ɓata hanya."

"Sarkin surutu, mata nawa ka tura wa wannan?"

"Ke kaɗai, zumata. Sauran hula kawai nake ce su saya."

"To ka zo bayan asibiti in an tashi. Na dafa dankali da gishiri. Ka zo da yunwa, ka bar surutun a tasha."

Don Chano kuwa, da ni da shi tare muka tsufa a kan ruwa, na san taurin kansa. Da maganar ta kai kunnensa ya buga tebur.

"Ba shi da laifin da zan nuna, 'yata. Amma mutumin da ya saba cin abinci da yi wa baƙo murmushi, ranar da baƙo ya kira, gida ma ya kira, baƙo zai amsa wa."

"Baba, sana'arsa ce."

"Sana'ar nake tsoro."

Ga kuma Borja, ɗan mai babban otal ɗin bakin ruwa, mai farin jirgi da farin wando, kullum sai ya sami ciwon da zai kai shi asibiti. Idaira ta auna jininsa har ta gaji, ta ce masa, "Lafiyarka ƙalau, rashin aikin yi ne ke damunka."

Yarinyar ta yi ta lallashin ubanta, ni ma na sa baki, kuma in na sa baki a magana ba ta faɗuwa. Daga ƙarshe ya sauko. A garinmu, ranar bikin Maryamu ta masunta, ana fitar da siffarta daga coci a zagaya da ita kan teku, jirage duka na biye. Uban da ya yarda da saurayi, a ranar yake shiga jirgin saurayin, ya zaunar da 'yarsa a goshin jirgin da hannunsa, ya ɗaga murya ya sa musu albarka gari na ji. Don Chano ya ce, "Ya zo da jirginsa bakin tasha. Zan shiga, zan faɗi abin da uba ke faɗa."

Yeray ya yi wa kwale-kwalen fenti, ya ɗaura masa tutoci, ya shimfiɗa sabon mayafi a goshi.

Ana gobe biki wata baƙuwa mai ɗa ƙarami ta tare shi, ta tambayi lokacin da za ta tsallaka washegari don ta kama jirgin samanta. Hankalinsa yana kan fenti, bakinsa ya ba da amsar da ya saba bayarwa kullum: "Akwai jirgin fito bayan azahar, kada ki damu." Ya manta cewa ranar biki jirgin fito ba ya tsallakawa bayan hantsi, shi ma yana shiga jerin gwano. Da ya tuna da abin da shi kansa yake faɗa wa mutane, cewa kada su bari sai ranar da jirgin samansu zai tashi sannan su bar tsibiri, da ba mu kai nan ba.

Ranar biki, ana shirin kaɗa ƙararrawa, ya tarar da matar a tasha tana kuka, yaron a kafaɗarta jikinsa zafi rau.

"Kai ka ce mini akwai jirgi," in ji ta.

Ya dubi hanyar coci, ya dubi ruwa. Na ce masa, "Yaro, kada ka kunna injin nan. Dubi gajimaren can, iska za ta taso."

"Kaka Eulogio, bakina ne ya jawo mata. Yanzu zan kai su in dawo kafin a fito daga coci."

Ya karɓi yaron, ya kama hannun matar ya shigar da ita. Saboda goshin jirgin ne kaɗai wuri mai shimfiɗa, a can ta zauna, kan sabon mayafin. Rabin gari ya gani.

Don Chano ya iso cikin farar rigarsa ta biki, Idaira a gefensa da furanni a gashi. Jirage suka yi ta ɗaukar mutanensu suna tashi. Tsohon ya tsaya ƙiƙam, hularsa a hannu, har tasha ta zama daga shi sai 'yarsa sai ni. Borja ya matso da farin jirginsa.

"Baba Chano, ga wuri. Na ga naku ya riga ya ɗauki amaryarsa."

"Da ƙafa na zo, da ƙafa zan koma," in ji tsohon. Ya juya ga 'yarsa. Bai ce na faɗa miki ba. Da ya faɗa da ya fi sauƙi.

Iska ta taso kamar yadda na ce, Yeray bai iya dawowa ba sai washegari. Saƙonsa ya riga shi isowa.

"Zumata, yaron ba shi da lafiya, kuma kuskurena ne. Na ɗauka zan dawo a kan lokaci. Ki bari in zo in durƙusa wa Baba."

Amsarta ɗaya ce.

"Na san ba sonta kake ba, bar masu gulma su yi. Amma ubana ya tsaya a rana hularsa a hannu, kai kana can kana kyautata wa baƙuwa. Kada ka sake kira na da sunan nan."

Ta nemi canjin aiki ta koma babban tsibiri. Borja ya bi ta can da furanni, ya dawo da furanninsa. Yeray ya ci gaba da tarbar baƙi, amma surutun ya mutu. Sai ya ce "hula, ruwa, gaɓar arewa," ya ɗauki akwati ya yi gaba. Ya je ƙofar Don Chano ba sau ɗaya ba, ba a buɗe masa ba.

Biki ya zagayo ya wuce babu ita. Da hunturu ya shigo, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Don Chano a tsakar gidansa. Ya rayu, amma ƙafar dama ta tafi, harshe ma ya tafi. Idaira ta dawo jinya. Keken guragu da aka ba shi ya ƙi tafiya a yashi, mutumin da bai taɓa wuni bai ga teku ba ya koma kallon bango.

Wata safiya Yeray ya tsaya a ƙofar gidan da baronsa, ya shimfiɗa bargo da matashi a ciki.

"Me ya kawo ka?" in ji Idaira.

"Ba wurinki na zo ba. Tayar baro tana tafiya a yashi."

"Ubana ba akwati ba ne."

Daga ciki tsohon ya buga sandarsa a ƙasa, ya nuna ƙofa da haɓa. Haka Yeray ya riƙa tura shi tasha kowace safiya, ya ajiye shi kusa da ni, ya dawo da shi kafin rana ta yi zafi. Jirgin fito ya sha isowa da baƙi ya tarar babu mai tarba, don yaron yana can yana goge wa tsoho baki. Ni kuwa in yi ta zuba wa Chano labari, karon farko a rayuwarsa ba ya iya ƙaryata ni.

Wata rana saƙon Idaira ya shigo wayar Yeray.

"Ka rame. Akwai dankali."

Ya zauna a kan baron ya rufe fuska da hannu biyu.

Da bikin ya sake zagayowa, Yeray ya turo tsohon tasha don ya yi kallo kawai. Jirginsa na ɗaure, ko tuta bai sa masa ba. Wasu baƙi daga otal suka yanyame shi, suna roƙon ya ɗauke su su bi jerin gwano.

"Ku yi haƙuri, yau ba na aiki," in ji shi. "Ku hau tudun coci, daga can an fi gani. Ku tafi da ruwa."

Don Chano ya ji. Ya ɗaga hannun da ya rage masa ya nuna jirgin. Ni da Yeray muka ɗauke shi muka shigar, kuma ni na ɗauki ɓangare mai nauyin. Ya kama hannun Idaira ya ja ta har goshi, ya danna kafaɗarta ta zauna a kan katako tsirara. Masu jirage suka kashe injuna, tasha ta yi tsit, ana jiran abin da uba ke faɗa.

Ya buɗe baki. Babu abin da ya fito sai iska.

Idaira ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Yeray ya durƙusa cikin ruwan da ya taru a cikin jirgin. "Baba, ranar da kake da murya ni na hana ka. Ka yafe mini." Tsohon ya ɗora hannu a kansa, ya daɗe bai ɗauke ba.

An ɗaura auren kafin kaka, aka ci kifi da dankali har karnukan gari suka ƙoshi. Da aka zo sa albarka Chano ya zungure ni da sanda, na miƙe a madadinsa. Na ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su 'ya'ya masu jin magana, ya sa duk inda ɗayansu ya tafi ya tarar da ɗayan yana jira a ƙofa. Jama'a suka amsa da amin. Na faɗa da kyau, babu mai faɗa kamata a tsibirin nan. Amma amarya ba ni take kallo ba, bakin ubanta take kallo, ango kuma ƙasa yake kallo. Suna zaune lafiya har yau, suna son juna kamar su cinye juna, sai dai muryar nan da suka so ji ba su ji ta ba, kuma ba za su ji ba.

Masu cewa muryata ta karye a tsakiyar addu'ar, su sani hayaƙin gashin kifi ne ya shiga mini maƙogwaro. Wanda bai yarda ba, da wannan ko da sauran labarin, ya zo ya faɗa a gabana. Haƙorana huɗu suka rage, amma hannun nan bai mutu ba. Ya kafa gwiwar hannunsa a tebur mu gwada, in ya kwantar da nawa na yarda ƙarya na yi.