Bayan Gidan da Inna Ke Nufi

"Bayan gida! Bayan gida!"

Amarya ta saki kwanon da take wankewa, ta goge hannu a zaninta, ta nufi ɗakin surukarta da sauri. An daɗe da shan bikinta, amma sunan Amarya ya manne mata a gidan, har ita ma ta kusa manta na yanka.

Inna na kwance, idonta a buɗe. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita, magana ta ɗauke mata, sai kalmomin nan biyu kaɗai suka rage a bakinta. Abin tausayi, matar da a da in ta ɗaga murya a tsakar gida har maƙwabta sai sun gyara zama!

"Ga ni, Inna. Sannu, mu je."

Ta ɗaga ta a hankali, ta zaunar da ita a keke, ta tura har ƙofar banɗaki. Nan Inna ta sa hannunta mai lafiya ta riƙe dokin ƙofa gam, ta kau da kai, hawaye na bin kuncinta. Kusan kullum haka ake yi. Ta kira, a kai ta, ta ƙi shiga, ta yi kuka.

Auta, mijin Amarya kuma ƙaramin ɗan Inna, kafinta ne, amma irin masu hannun nan ne da ba abin da ke gagararsu, daga famfo har filasta. Shi ya yanke hukunci cewa laifin banɗakin ne.

"Tsoronsa take ji," in ji shi. "Ga matsi, ga santsi. Ki zuba ido kawai ki ga aiki."

Ya fasa ƙofar ya faɗaɗa ta, ya shimfiɗa tayil marar santsi, ya kafa ƙarfen riƙewa a bango, ya sa masai na zama. Ranar da ya gama sai ya tsaya yana huci, kansa fari fat da ƙurar siminti.

"Madam! Fito ki sara wa injiniya!"

"Injiniyan da ya ɗaura famfo jiya yana feshi ta ƙeya?"

"Wannan ai testin ne. Ke ba ki san aikin manya ba."

Ta yi dariya ta kakkaɓe masa kai da gefen mayafinta. Gaskiya aiki ya yi kyau, ko asibiti sai haka. Suka turo Inna suna ta murna. Ta dubi tayil, ta dubi ƙarfe, ta dubi ɗanta, sannan ta runtse ido.

"Bayan gida," ta ce, murya can ƙasa.

Auta ya kwashe kayan aikinsa ya fita.

Wata safiya Amarya ta cire labulen ɗakin Inna za ta wanke. Tagar na kallon filin da ke can bayan ɗakuna, wurin da ita ba ta taɓa takawa ba. Tun kafin a kawo ta, bayan rasuwar Baba, mahaifin Auta, ruwa ya kayar da katangar wurin, awaki suka samu hanya, sai Auta ya buga wa ƙofar baya ƙusoshi ya huta. Daga nan filin ya zama bola, tarin ɓaraguzai da tsohon kwano da guntayen katako, ciyawa har ƙugu.

Tana juyowa ta ga Inna ta ɗago kai daga filo, ta kafe tagar da ido, tana nuni da hannu.

"Bayan gida!"

Amarya ta matso da sauri. Ta durƙusa a bakin gado.

"Inna... wai can kike nufi? Bayan gidan nan namu, can waje?"

Inna ta damƙe hannunta da ƙarfin da Amarya ba ta san yana nan ba, har zobenta ya shige mata fata.

Da yamma ta faɗa wa Auta, a gaban Yaya Babba, babbar yayarsa, wadda ke zuwa daga gidanta duba Inna. Yaya Babba ita ta goyi Auta, kuma ba ta bari kowa ya manta da hakan. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tuntsire da dariya.

"Ikon Allah! Yau ga wadda ba ta san bayan gida ba! Ke 'yar mai lambu, komai aka faɗa ƙasa kike ji. Uwata ce fa. Ni za ki fassara wa maganarta?"

"Ba haka ba ne, Yaya. A tambaye ta mana."

Yaya Babba ta shiga ɗakin, ta sunkuya a kan Inna, ta ɗaga murya kamar mai magana da kurma. "Inna! Banɗaki kike so, ko bola? Bola za a kai ki?"

Inna mace ce mai ji da kanta, ciwo bai taɓa wannan ba. Da ta ji ana mata tsawa kamar ƙaramar yarinya sai ta juya fuska bango, ta yi gum.

"To kin gani. Likita ma ya ce kan ya taɓu. Ki kama aikinki."

Auta ya sosa ƙeya. "Ki bar maganar nan, filis," ya ce wa matarsa a hankali.

Ta bar maganar, amma ba ta bar aikin ba. Mahaifinta mai lambu ne da gaske, kuma ba ta taɓa jin kunyar hakan ba, a cikin kwamin albasa ta koyi tafiya. Duk hantsi in Inna ta yi barci, sai ta zaga ta lungu, ta shiga ta inda katanga ta faɗi, da shebur da fartanya da baron maƙwabta. Ta kwashe kwano, ta jera katako gefe, ta ware bulon da ke da sauran amfani, ta nome ciyawa. Hannunta ya yi kanta, bayanta ya ƙage. Auta na ganin ƙasa a ƙafarta, ya yi kamar bai gani ba.

Ranar da abin ya fashe, Inna ta farka da wuri. Yaya Babba ta yi sallama ta ji shiru, sai muryar uwarta ita kaɗai a ɗaki tana ta kiran kalmominta. Tana leƙa taga ta hango Amarya tsamo-tsamo cikin laka tana tura baro.

Kafin Auta ya iso daga shago, rabin layin ya ji labari.

"Ta bar min uwa tana kururuwa, ta tafi wasan ƙasa! Auta, yau sai ka zaɓa. Ko yarinyar nan ta koma gidan ubanta, ko in ɗauke Inna, kuma ka manta kana da 'yar'uwa a duniya!"

"Yaya, don Allah..."

"Ba don Allah da za ka haɗa ni da shi! Bayan nan nawa ka yi wa fitsari!"

Amarya ta durƙusa tana kuka. "Na yi kuskure da na bar ta ita kaɗai, Yaya. Ki yafe min wannan. Amma wallahi don ita nake yi."

Yaya Babba ko kallonta ba ta yi ba, ta shige wurin Inna ta banko ƙofa.

A ɗakinsu Auta ya zauna bakin gado ya haɗa kai da gwiwa. Yana son matarsa, kowa ya sani, amma tunda yake bai taɓa ce wa Yaya Babba a'a ba.

"Ki je gida na ɗan lokaci," ya ce, idonsa a ƙasa. "Har ta huce."

Amarya ta san irin wannan tafiyar, ta ga waɗanda suka yi ta ba su dawo ba. Zuciyarta ta yi zafi ƙwarai, amma ba ta yi musu ba. Ta haɗa kayanta a akwati, ta yafa mayafi, sannan ta tsaya a bakin ƙofa.

"Zan tafi. Amma ka raka ni ta baya tukuna, in nuna maka inda na tsaya, don kada aikin ya lalace."

Ya bi ta jiki a mace. Suna tsallake karyayyar katangar ya ja ya tsaya.

Fili ya fito fes, an yi kwami a jere, an tada bakinsu da guntayen bulo. A kusurwa, inda tarin kwano yake a da, ga wani benci na siminti, gefensa ya tsage. Kusa da shi kututturen lemun tsami ne, wanda ta yi wa kaciyar busassun rassa ta kewaye gindinsa da taki, har ya fara tofo, ganye shar.

"Na same shi a ƙarƙashin kwanon," in ji ta. "Ban san na waye ba."

Auta ya taɓa bencin. Baba ne ya zuba shi da hannunsa. Nan iyayensa ke zama kowace la'asar, Baba na ban ruwa, Inna na masa faɗa wai yana yi wa barkono ɓarna, shi kuwa yana dariya. Kuma shi Auta, shi da hannunsa ya toshe ƙofar, ya zuba shara a kai, ya manta. Sai ga hawaye sharr a fuskarsa.

"Ni na rufe mata shi," ya ce. "Tana ta faɗa mana, muna kai ta masai."

Ya juya da sauri ya shiga gida, ya ɗauko hamarsa. Ƙarar zare ƙusa ta fito da Yaya Babba.

"Me kake yi haka? Ita fa, ta tafi?"

Auta ya zare ta ƙarshe, ya tura ƙofar da kafaɗa, haske ya cika lungun. Sannan ya russuna a gaban yayarsa.

"Yaya, ke kika goye ni, ban manta ba, kuma ba zan manta ba. Amma matata ba inda za ta. Ko Inna ta so wurin nan ko ta ƙi shi, ba inda za ta. Abu ɗaya nake roƙo, ki bar mana Inna har mu gama. In kin ga ba daidai ba, ki hukunta ni."

Yaya Babba ta ƙura masa ido. Ba ta taɓa jin wannan muryar a bakin Auta ba. Ta figi jakarta ta fita, ta kuma ɗauke ƙafa daga gidan, ko waya ba ta ɗagawa.

Su kuwa suka duƙufa, ɗaya na aiki ɗaya na wurin Inna. Auta ya tada katanga, ya yi mata filasta, ya faɗaɗa ƙofar baya, ya zuba gangare mai laushi yadda keke zai sauka ba girgiza. Ya ɗinke tsagar bencin, ya kafa rumfa a kansa. Amarya ta dasa tumatir da barkono da alayyahu, ta jera na'a-na'a a tsofaffin bokitan fenti.

"Madam, wannan layin naki ya karkace."

"Ka ji da katangarka, injiniya. Shuka ba ta san ma'auni ba."

Da aka gama, Amarya ce ta matsa a kira Yaya Babba, har ta je gidanta da kanta ta durƙusa. Ta zo, fuska a ɗaure, ta tsaya can gefe ta harɗe hannu.

Auta ya turo keken. Ya wuce ƙofar banɗaki bai tsaya ba, ya bi lungu, ya gangara waje. Iska ta taɓa fuskar Inna. Ta dubi kwamin nan kore shar, ta dubi rumfa, ta dubi lemun. Aka kai ta jikin bencin, ta ɗora tafinta a kai ta daɗe tana shafawa. 

Ta ja dogon numfashi, leɓenta na motsi.

"Yau... wa."

Auta ya dafe kai. Tun ranar da ta faɗi, ba wanda ya ji wata kalma dabam daga bakinta.

"Inna! Me kika ce?" Yaya Babba ta matso da gudu.

"Yauwa," Inna ta maimaita, sarai wannan karon. Ta miƙa hannu tana lalube, ta wuce ɗanta, ta wuce 'yarta, ta kamo hannun Amarya mai kanta ta ɗora a ƙirjinta.

Yaya Babba ta zube a ƙasa, ba ta damu da laka ba, ta fashe da kuka.

"Ni da ta haifa, ban ji ta ba. Amarya, ki yafe ni. Na ci mutuncinki a gaban mutane."

"Haba Yaya, tashi don Allah. Son Inna ne ya sa ki, ni ma shi ya sa ni."

Auta ya tsaya yana kallon matarsa, ƙirjinsa cike da alfahari, ji yake kamar ya hau katangar ya kira duk unguwa su zo su gani.

Daga ranar Inna ba ta sake kwana da kuka ba. Kalmominta suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, kuma yawancinsu na faɗa ne, don Auta ya gaji ubansa wajen cika wa barkono ruwa. Yaya Babba kuwa duk baƙon da ya shigo sai ta ja shi baya tana cewa, "Zo ka ga aikin ƙanwata."

Ku masu tasowa, ku riƙe wannan. Kusanci da mutum ba shi ne fahimtarsa ba, wanda ya nutsu ya saurara shi ke jin abin da ake nufi. Mace ta yi haƙuri a kan gaskiyarta ba tare da raina manya ba, miji kuma ya girmama danginsa, amma ya san ranar da zai tsaya wa matarsa. Gidan da aka haɗa waɗannan biyun, komai lalacewarsa, yana gyaruwa.