Takardar da Dogo Bai Sa wa Hannu Ba

Auta na tsakar gida tana shanyar wanki Kawu ya yi sallama, kuma daga yadda ya ja sallamar ta san da magana a bakinsa. Kawu wan mahaifinta ne, shi ya riƙe su ita da Umma tun rasuwar Baba. Shi ne kuma mai shagon kafintoci na bakin titi, inda Dogo, saurayin da za ta aura, yake aiki shekara shida. Kwana tara ke nan da injin yankan katako ya cinye wa Dogo yatsu biyu na hannun dama, ya bar na uku yana reto.

Kawu bai ko zauna ba ya zaro takarda daga aljihu ya miƙa mata.

"Kai wa yaron nan asibiti ya sa hannu. Ke yake jin maganarki."

Ta goge hannu a zani ta karanta. Takardar ta ce wai bayan an tashi aiki Dogo ya ji ciwon, yana aikin gaban kansa, yana haɗa gadon aurensu.

"Kawu, ai ba haka aka yi ba! Bencinan makaranta yake yankawa, kuma kai ka ce a cire murfin injin don a yi sauri..."

"Wa ya tambaye ki yadda aka yi? In maganar nan ta kai ofishin ƙwadago, rufe min shago za su yi. Ya sa hannu, biki na nan daram. Ya ƙi, to ya nemi mata a wani gidan!"

Ya kaɗa riga ya fita. Umma, wadda duk duniya ba abin da take tsoro kamar ɓacin ran Kawu, ta kama hannun 'yarta tana hawaye.

"Auta, ki rufa mana asiri. Mutumin nan shi ne rufin gidan nan. Ki yi haƙuri ki kai."

Ta kai ɗin, amma tana tafe takardar na ƙona mata tafin hannu.

Ta sami Dogo a zaune bakin gado, hannun naɗe da bandeji an rataye shi a wuya. Ya rame, sai dogon wuya da murmushin nan nasa da ba ya jin magana. Ya karanta takardar sau biyu, ya yi ajiyar zuciya.

"Oke. Ba ni biro."

"Biron me? Ƙarya ce fa, Dogo!"

"Na sani. Amma yatsun dai sun tafi, Auta. In na ƙi, ke ma ki tafi. Me ya rage min?"

Wata nas mai furfura da ke canza wa majinyacin kusa da shi ledar ƙarin ruwa ta juyo. Irin matan nan ce da ba sa iya ganin abu su kau da kai.

"Ɗana, ba na son shiga abin da ba ruwana, amma na shiga. Yatsan nan na uku tiyata yake jira. Wanda ya ji rauni a bakin aiki, doka ta ɗora wa mai aikin maganinsa da diyyarsa, ba alfarma ba ce. Ka sa hannu a wannan, ka yafe duka, yatsan kuma ya bi 'yan uwansa. Akwai fom da ake cikewa, likita ya haɗa da rahotonsa, kuma yana da wa'adi. Kada ku bari ya wuce."

Dogo ya sunkuyar da kai. Auta ta durƙusa a gabansa.

"Mutum takwas ke tsayawa gaban injin nan kullum, har yau ba murfi. Gobe hannun wa? Ni ba zan shiga ɗaki a kan ƙarya ba. In Kawu ya hana, zan jira. Shekara goma ma zan jira!"

"Da gaske kike?"

"Ka taɓa jin na yi maka wasa da hawaye?"

Ranar suka cike fom ɗin gaskiya. Dogo ya sa hannu da hagu, rubutun ya fito a karkace kamar sawun kaza, har nas ɗin ta yi dariya. Auta ta rubuta sunanta a gurbin shaida.

Daga nan gida ya yi mata zafi. Kawu ya ɗauke ƙafa. Dangi suka yi ta bugo waya, wannan ya ce butulu, wancan ya ce soyayya ta rufe mata ido. Abin da ya fi ci mata rai shi ne shirun Umma, wadda za ta ajiye mata abinci ta juya ba ko kallo. Auta ta sha kuka a bayan ƙyaure, amma ba ta taɓa ɗaga murya ga kowa ba. Kullum da safe sai ta gaida Umma har ƙasa, ta tura wa Kawu gaisuwa a waya ko da ba ya amsawa.

Sati uku bayan haka, wata jami'a daga ofishin ƙwadago ta zo gidan jin ta bakin shaida. Kawu ya ji labari ya riga ta isowa, ya zauna a kujera yana huci.

"Gadonsa yake yi," in ji shi. "Yarinya ce, ba ta san komai ba."

"To, ina gadon yake?" jami'ar ta tambaya tana gyara tabarau.

"Ai bai gama ba. Katakon ma an kwashe."

Auta ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga Umma ta miƙe. A hankali ta kwance makulli daga bakin zaninta, ta nufi ƙaramin ɗakin da ke kusurwa, ta buɗe. Ga gado nan a tsaye, an gama shi tsaf, an shafe shi da fenti mai ƙyalli, ledar da aka rufa masa har ta yi ƙura.

"Yaya," Umma ta ce, hawaye na bin kuncinta, "ka manta? Wata guda kafin ciwon aka kawo shi, a motarka. Kai da bakinka ka ce a cire ƙyauren ɗakin don ya shiga. Ka yafe ni, amma yaron nan ɗan wasu ne, yarinyar nan kuma tawa ce."

Kawu ya dubi gadon, ya dubi ƙyauren da har yau yake a ɗan karkace.

Ba a rufe shagon ba. An ba Kawu wa'adi ya gyara injinansa, an kuma ɗora masa magani da diyya. Ranar tiyatar ya je asibiti, karo na farko tun faruwar abin, domin ashe duk zafin nan nasa tsoron ganin hannun ne. Da aka kwance bandejin ya gani, sai ya juya ga bango kafaɗunsa na girgiza.

"Ni na ce a cire murfin," ya ce. "Ni ne, ɗana. Ka yafe min."

Yatsan ya tsira. Dogo ya koma shago a matsayin mai duba aiki, kuma ba injin da ke tashi sai ya zagaya ya taɓa murfinsa da yatsan nan. Kawu da kansa ya tsaya a kan bikin, ya kuma sake ba da motarsa aka kai gadon sabon gida, aka sake cire wani ƙyauren.

'Yan uwana matasa, ku riƙe wannan: haƙuri ba shi ne mutum ya sa hannu a kan ƙarya don a zauna lafiya ba. Auta ta yi haƙuri da fushin manya, ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma saki gaskiya ba. Shi ya sa ta sami mijinta, ta sami kawunta, mutum takwas kuma suna komawa gida kullum da yatsunsu goma.