Ƙafar Zuliha

Silifas ɗin Zuliha ne ya tsinke a bakin tashar Kankia ranar kasuwa, ga ƙunshin kayan miya a kanta. Ta tsaya da ƙafa ɗaya tana waige-waige, kunya kamar ta nutse.

Wani ɗan acaba ya kafe babur ɗinsa, ya tsugunna, ya zaro 'yar ƙusa ya soke igiyar ta ƙasa.

"To Hajiya, taka mu gani."

Ta taka. Ya ɗago kai, sai maganar ta ɓace masa. Sharafaddeen ke nan, ɗan Kafinsoli, sarkin surutu, amma ranar nan bakinsa mutuwa ya yi. Har garinsu Yashe ya kai ta, bai nemi komai ba sai lambar waya.

Tun daga nan ya laƙaba mata Mai Silifas.

"Mai Silifas ɗina, yau na wuce wani fasinja har Mawashi saboda tunaninki. Ya zage ni tas. Alhakin yana wuyanki."

Ta karanta saƙon ta yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke. Akwai abin da duk Yashe ta sani. An taɓa sa mata rana da wani Ashiru, bikin na matsowa mota ta kife da shi. Tun daga lokacin ake cewa farar ƙafa gare ta, duk namijin da ta raɓa sai masifa ta same shi. Da bakinta ta faɗa wa Sharafaddeen, kanta a sunkuye.

"Haba Zuli," ya ce. "Ajalin bawan Allah ne ya zo. Ni dai na ga ƙafar nan da idona, ban ga komai ba sai kyau."

Mahaifiyarsa, Inna Lami, ba ta ɗauki abin da wasa ba. Ga Sa'a, ɗiyar ƙaninta, me zai kai shi Yashe? Ya nace, ya daina cin abincin kirki, har ta haƙura aka sa rana.

Ba a jima ba ya yi 'yar gudawa, ya warke. Sai yatsun ƙafarsa suka fara yam-yam. Wata safiya ya taka birki, ƙafar ta ƙi. Kafin mako ya zagayo ba ya iya tsayuwa, hannuwa suka bi, har numfashi ya so ya gagara. Aka kwashe shi sai babban asibiti a Katsina. Likita ya ce Gilan-Bare ake kiran ciwon, garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta far wa jijiyoyinsa.

Zuliha ta zo dubiya da yayarta. Ta gan shi kwance kamar an yar da riga, ido kaɗai ke motsi. A bakin ƙofa Inna Lami ta tare ta. Da ma zaginta ta yi, da ya fi sauƙi. Ƙafafunta kawai ta kalla, hawaye na zuba.

"Ɗiyata, don girman Allah ki tausaya mani. Shi kaɗai gare ni."

A mota ta rubuta masa: "Yaya Sharafu, ka yafe mani. Ina son ka, shi ya sa zan nisance ka. Allah ya tashi kafaɗunka."

Wayyo, abin da ya biyo baya shi ya ƙarasa karya ta. Ba ta daɗe da ɗauke ƙafa ba, labari ya zo cewa babban yatsansa ya motsa. Ta yi sujada ta gode wa Allah, ta tashi ta fashe da kuka. Ashe gaskiya ne! Ta tafi, ya fara warkewa.

Ta daina shiga gidan kowa, ko barka ko biki. In tana alwala sai ta tsura wa ƙafafunta ido kamar ba nata ba. In ta rufe ido Ashiru take gani, wani sa'in kuma fuskar ta koma ta Sharafaddeen.

Shi kuwa an sallamo shi, ana kai shi Kankia motsa jiki. Farfaɗowar jijiyoyin ta fi mutuwarsu azaba. Tafin ƙafa na zafi kamar an cusa barkono, mayafi ma in ya taɓa shi sai ya cije leɓe. Cokali ya zamar masa aiki. Sa'a ce ke kawo masa kunu, maganar ta isa Yashe da ƙari, wai har an tsai da maganar aurensu.

Zuliha ta ce madalla, ranar ko ruwa bai wuce mata ba.

Watanni suka shuɗe. Ran nan waya ta yi ƙara.

"Mai silifs. Da hannuna na rubta wannan, da gaɓar yatsa. Sa'a ƙanwata ce. Likita ya ce ciwon hawa yake ya tsaya ya sauka, ko wa ya zo ko wa ya tahi. Gobe ina tahe."

Ta amsa: "Don Allah kada ka zo."

Ya zo. Da hantsi mota ta tsaya ƙofar gidansu, aka fito da shi ya rame, riƙe da sanda. Inna Lami na biye, don tsoro ya hana ta zama. Zuliha ta tsaya a bakin zaure, ta janye ƙafafunta cikin hijabi. Maƙwabta suka leƙo.

"Tsaya nan, Zuli. Ni zan zo."

Ya ja ƙafa, ya sake ja. Gumi ya karyo masa. Ya kusa isowa gwiwarsa ta lanƙwashe, ya zube ƙasa rim.

Zuliha ta ƙwalla ƙara. "Kun gani ko! Ku ɗauke shi! Ku ɗauke shi daga gabana!"

 Sai aka ji dariya daga ƙasa, ta mutumin da ke jin ciwo.

"Ke ko Mai Silifas, kin cika ɗaukar abin da ba naki ba. Jiya ma na faɗi a gida, kina nan Yashe. Shekaranjiya a bayi na kife, ba ki sani ba. Inna, ƙarya nake?"

Inna Lami ta juya wajen Zuliha. Ta dubi yarinyar da kyau, ta ga yadda ta zube, wuya duk ƙashi.

"Kullum sai ya faɗi," ta ce a hankali. "Kullum. Kuma kullum sai ya tashi."

Ya miƙo sandar. Zuliha ta kama bakinta da hannu biyu, tana kuka tana ja, har ya miƙe.

Ranar sa lalle aka ga abin da ba a saba gani ba. Uwar ango da kanta ta zo gidan amarya, ta ce a ba ta ƙwaryar lallen. Mata suka riƙe baki. Ta zauna a tabarma, ta ɗora ƙafar Zuliha a cinyarta, ta dinga shafawa tun daga diddige.

"Ki yafe mani, ɗiyata. Tsoro ne."

Da aka kai amarya Kafinsoli, ana ta guɗa, gwaggonninta suka ce ta yi bisimilla ta shiga da ƙafar dama. Zuliha ta ƙame a bakin ƙofa. Tsohon tsoron nan ya taso mata, ƙafar ta ƙi ɗaguwa.

Daga can gefe, inda bai kamata a ga ango ba tukuna, wata murya ta ratso guɗar. Yana jingine da bango, sandarsa a hannu.

"To Hajiya, taka mu gani."

Ta taka.

Allah ya sa albarka a wannan taku, ya ƙara wa ango lafiya, ya zaunar da amarya a ɗakinta ba tare da fargaba ba. Amin.