Rabin Sa'a a Cikin Mota

Umma ta saki labulen taga, ta juyo ga ɗanta da ke gugar riga a falo.

"Ka gani ko? Yau ma matarka ta iso, ta kashe mota, ta ƙi fitowa. Kullum sai ta yi rabin sa'a! Da wa take magana a ciki?"

"Gajiya ce, Umma. Su biyu kaɗai suka rage a asibitin dabbobin."

"Gajiya! Mai duba kaji da awaki? Wata uku ke nan ban ga haƙorinta ba. Ko ta ajiye aikin nan, ko ka sallame ta. Na gama magana!"

Ya sunkuyar da kai, son matarsa da biyayyar mahaifiya suna ja-in-ja a zuciyarsa. Umma kuwa ta ja mayafi ta fita, da nufin kama ta dumu-dumu.

Ta fizgi ƙofar motar. Ga surukar tata, Dakta, ita kaɗai, goshinta bisa sitiyari, hawaye sun jiƙe farar rigarta, waya na ta ruri a gefe.

"Subhanallahi! Wa ya rasu?"

"Kaji dubu huɗu, Umma. Annoba ta shiga gonar wani dattijo, ni na sa hannu aka hallaka su. Ya bi ni har mota yana ja mini Allah ya isa. Gobe kuma wata gonar ce. Ni da na yi karatu don in ceci rai..." Muryarta ta sarƙe. "A nan nake gama kukana, don kada in shigo muku da shi."

Kunyar zargin da Umma ta ɗauko ta rufe ta. Ta miƙa wayar ga ɗanta da ya biyo bayanta.

"Ungo, kashe abin nan! Gobe ka raka ta ta nemi hutu, ita ma ta ga likitan mutane. Ke kuma 'yata, taso mu shiga. Astagfirullah, na ɗauki alhakinki, ki yafe mini."

Annobar ba ta kau da wuri ba, Dakta ma ta daɗe kafin ta warware, amma Allah Ya tsare igiyar auren albarkacin haƙurinta. Haƙiƙa wanda aka ɗora wa jinyar halittun Ubangiji shi ma rai gare shi, yana buƙatar mai jin ƙansa. Mai gaggawar zato kuwa, galibi bawan Allah mai haƙuri yake zalunta.