Fasinjan da Ke Ƙarƙashin Motar Dogo

Rana ta kusa faɗuwa, Mai Kunne yana wanke hannu da kananzir zai tafi gida, sai ga motar Dogo ta sake kunno kai gareji. Karo na huɗu ke nan a wata guda. Ya dube ta, ya ja tsaki, gajiya ta sauko masa tun daga wuya har gadon baya.

Mai Kunne bakanike ne, shekara talatin da ɗoriya yana kwance a ƙarƙashin motocin mutane. Daga aikinsa ya sami sunan, don ba ya kwance mota sai ya saurare ta. Zai kafa bakin dogon sukundireba a jikin ƙarfe, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya lumshe ido, ya gaya maka wane boris ne ya ci, wane haƙorin giya ne ya ɓalle. To amma kunnen hagu ya mutu shekara biyar da suka wuce. Na dama kaɗai ya rage, shi ke ciyar da baki bakwai a gida. Likita ya ce ya daina kai shi kusa da ƙara. Matarsa kullum sai ta cusa masa auduga a aljihu, shi kuma kullum sai ya dawo mata da ita yadda take.

Dogo ƙanin matar tasa ne. Motarsa tsohuwa ce mai jan ƙafa huɗu, da ita yake kai kaya ƙauyukan da kwalta ba ta isa ba. Agogon lissafin tafiyarta ya zagaya, ya gaji, ya tsaya.

"Yaya, wallahi ba ta daina ba," in ji Dogo.

"Na canza kuros ɗin sandar da ke juya tayoyi, na canza boris, na buɗe aksul na baya na zuba sabon mai. Me ya rage? Sai dai in canza direban."

Dogo bai yi dariya ba, shi da ko gaisuwa ba ya yi sai da tsokana. Ya ce, "Sai na sa giyar ƙafa huɗu take yi, kuma sai rana ta yi ja haka. Duk zuwan da na yi da safe ne, shi ya sa ba ka ji ba."

Ubangidan da ya koya wa Mai Kunne aiki yana da doka guda: in rana ta faɗi a ajiye sukundireba, ba a sauraren ƙarfe. Bai taɓa tambayar dalili ba, bai kuma taɓa karyawa ba. Amma motar nan ta ishe shi. So yake ya rabu da ita yau, ya huta da zuwan Dogo, ya huta da mitar matarsa, yayar Dogon.

Suka sa jak, suka ɗaga motar, suka tokare ta da ƙarafa huɗu. Dogo ya hau ya tayar, ya sa giyar. Tayoyin suka kama juyawa a iska. Mai Kunne ya shimfiɗa kwali, ya rarrafa ƙarƙashi yana nishi.

Warin tsohon mai ya cika masa hanci, da zafin ƙarfe. Sai kuma wani wari da ba na gareji ba, warin jiƙaƙƙen yashi.

Ya kafa sukundireba a aksul na gaba. Lafiya lau. Ya matsa akwatin giya. Kukan tsufa ne kawai, irin wanda ya sani. Ya kai ga ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, ya ɗora kunnen dama.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

"Ƙara wuta!" ya ce.

Dogo ya taka. Tayoyin suka ƙara gudu, amma ƙarar ba ta ƙara sauri ba. Mai Kunne ya ƙara kasa kunne. Duk ƙarar da lalacewa ta haifar bin juyawar ƙarfe take yi. Wannan kuwa yi take lokacin da ta ga dama.

"Kashe!"

Injin ya mutu. Garejin ya yi tsit.

Tayoyin ba su tsaya ba.

Mai Kunne ya lalubo sifana, ya buga jikin akwatin sau biyu.

Daga ciki aka buga sau biyu.

Kamata ya yi ya fito a nan. Amma wanda ya shekara talatin yana saurare ba ya iya barin ƙara bai san uwarta ba. Ya mayar da kunnen. Ya ji iska, ya ji yashi na gogar ƙarfe, ya ji numfashi mai nauyi. Sannan murya, ƙasa-ƙasa, a shaƙe.

"Ba mu iso ba?"

Ya yi ta'awwuzi a zuci, ya kira cikin raɗa, "Dogo. Wa ka ɗauka?"

Ƙafafun Dogo suka sauko, suka tsaya gefen motar.

"Shekara takwas ke nan, Yaya. Na kafe a yashin wani rafi, ni kaɗai, da magariba. Na sa giyar nan, ta ƙi fita. Cikin takaici na ce duk wanda ke kusa ya tura ni, zan rage masa hanya. Wasa nake. Sai na ji an ɗaga ta."

"Ka tsaya ka sauke shi?"

"Ko waiwaye ban yi ba."

Shekara takwas a cikin ƙarfe, cikin zafi da girgiza, ana jiran a ce an iso. Tsoro bai bar Mai Kunne ba, amma tausayi ya shigo ya zauna kusa da shi. Gajiyar da ke cikin muryar nan ya san ta, irinta yake tashi da ita kowace safiya.

Ya ce a hankali, "Kun iso. Sauka lafiya."

Bai tuna cewa kunnensa na kan mariƙin ba. Akwatin a rufe yake ruf, hanya ɗaya ce ta fita daga cikinsa.

Sanyi ya biyo sukundireban. Ya ratsa yatsunsa. Ya shige masa kunne.

Tayoyin suka tsaya cak. Motar ta yi sama kaɗan, yadda take yi in an sauke mata kaya, ta zame daga ƙarfen tokari na gaba.

Dogo ya cafke ƙafarsa ya fizgo.

Aksul ya dira a kan kwalin, daidai inda kan Mai Kunne yake ɗazu.

Mai Kunne ya tashi zaune yana haki. Ya ga ƙura na tashi, ya ga sifana na birgima a siminti, ya ga bakin Dogo yana buɗewa yana rufewa. Bai ji komai ba.

Motar ba ta sake ƙara ba har yau. Likita ya leƙa kunnen, ya ce bai ga abin da ya fashe ba. Masu kawo mota don a saurare ta sun koma wani wurin, yanzu canjin mai da ɗaurin birki Mai Kunne yake yi. Dogo kan ajiye buhun abinci a ƙofar gida ya tafi, ba ya iya haɗa ido da shi.

Sauti ɗaya ya rage masa a duniya. Cikin kunnen dama, dare da rana, yana jin numfashin mai barci, a hankali, irin na wanda ya sha doguwar tafiya.

Matarsa ta daina sa masa auduga, ta ce amfanin me. Shi ya ce ta ci gaba. Kullum kafin ya ɗauki guduma sai ya toshe kunnen da kyau, don kada ƙarar gareji ta tashi mai barcin.