Maɗacin da Ya Zaga Teku

Ku matso kusa. Larai, rage fitilar nan. Daga bakin Kawu Sallau na ji wannan, kafin ya rasu.

Kun san kafinta ne. Lokacin da yake Legas, wani dillalin ƙarafa ya ɗauke shi aikin farfasa wani mataccen jirgin ruwa da ya kafe cikin taɓo a bayan gari. Jirgin tsere ne na attajiran Turai. Ba inji ke tura shi ba, iska ce, da manyan ƙyallaye a jikin dogon ginshiƙi. Ya fi gidan nan tsawo sau biyu. Dillalin ya ce a cire duk abin da zai sayu, ranar Asabar a banka wa sauran wuta.

Ranar Alhamis, rana tsaka, abokan aiki suka tafi cin abinci. Kawu ya sauka cikin jirgin shi kaɗai. Ciki duhu, ga warin gishiri. Duk katakon ya ruɓe, ban da guda ɗaya, ja wur, kamar jiya aka fere shi. Ya ɗora zarto.

"Sannu da aiki, ɗan nan."

Tsohuwa ce zaune a lungu, da baƙin saƙi irin na da. Muryarta kamar kukan tsohuwar ƙofa. Hausarta ma irin ta kakanni.

"Yawwa, Iya. Ta ina kika shigo?"

"Ban taɓa fita ba."

Ya sunkuyar da kai don ladabi, sai ya ga ƙafafunta. Ba yatsu. Saiwoyi ne, sun nutse cikin katakon.

Habu, sakar mini riga. Bari ka ji.

Kawu ya soma addu'a. Ta ce, "Yi abarka. Ni ma da sunan Allah nake kwana. Wannan katakon maɗaci ne. Ɗakina ne. A wani kurmi yake a bakin kogi, kudu da Zungeru. Ina barci aka sare shi. Da na farka, muna bisa ruwan da ba shi da gaɓa."

Ta ce a wata ƙasa mai sanyi aka ƙera jirgin da itacenta. Ya yi tsere ya ci, ya sake ci, har ana harba masa bindiga don murna. Ya ratsa tekun da ƙanƙara ke yawo kamar duwatsu. Akwai wani saurayi cikin matuƙan jirgin, yakan jingina da katakonta yana rera waƙar garinsu. Wata rana igiyar ruwa ta share shi. Suka neme shi har suka gaji, suka ci gaba da tsere.

"Na miƙa hannu," in ji ta. "Ban kai ba."

Daga nan aka yi ta sayar da jirgin. Ya ɗauki masu yawon shaƙatawa, ya ɗauki kayan fasa-ƙwauri. Da ya tsufa, aka watsar da shi nan.

"Jibi za ku sa wuta. Ba na tsoron wuta. Amma ban so in ƙare a bakin ruwan gishiri. Mai da ni gida. 'Yan'uwana suna can."

Kawu bai yi amfani da zarto ba. Kusa ɗaya-ɗaya ya zare. Dillalin ya gan shi da katako a kafaɗa, ya kira shi ɓarawo, ya kore shi. Kawu ya nufi tasha da katakon.

A mota, katakon na kan cinyarsa, sanyi ƙalau. Duk inda aka tsaya sai ya ji murya can ƙasa-ƙasa: "Nan ne?"

"Da saura, Iya."

Ya sauka a Zungeru, ya bi bakin kogi a ƙafa, yana tambaya. Wani mai gawayi ya nuna masa wurin da baki. Babu kurmi. Kututturai ne baƙaƙe iya ganinka, da buhunan gawayi a jere, da hayaƙi.

"Nan ne?"

Kawu ya ce a ransa ya so ya yi mata ƙarya. Ya kasa.

"Nan ne, Iya."

Ta kira sunayen 'yan'uwanta. Ɗaya bayan ɗaya, tana jira tsakani. Ba wanda ya amsa. Can ta ce, "Ashe ni da aka sace, ni ce na yi saura."

Kawu ya haƙa rami a gaɓar kogi, ya kwantar da katakon, ya rufe. Hawaye yake yi, shi da ba ya kuka ko a jana'iza. Da ya ɗauki jakarsa, sai ya ji ta yi nauyi. Cike take da 'ya'yan maɗaci, a jiƙe. Ya taɓa da harshe. Gishiri.

Su ne ya shuka a bayan fadamarmu. E, Larai, waɗancan dogayen. Ku lura da su ranar da ba iska: duk sun karkata gefe guda, ganyensu na kaɗawa.

Kada wanda ya bi ta ƙarƙashinsu shi kaɗai da rana tsaka. In kuwa tsautsayi ya kai ka, ka ji tsohuwa na kiran sunaye, ka wuce da sauri. Kada tausayi ya sa ka amsa. Wanda ya amsa, ta samu ɗan'uwa ke nan, kuma ba za ta yarda a sake raba su ba.