Layin da Ba na Ubangiji Ba

Ni fatar rubutu nake gogewa a gidan sufaye na garin Shumun, karatu ba aikina ba ne. Ranar da aka gama kwafe Linjila, shugabanmu Abba Banub ya ce in kwana gadinta, idan ko ɗigo ɗaya ya taɓu, in nemi wani wurin cin abinci.

Fitila ta yi ƙasa, sai na ji warin ɗanyar tawada. Wani tsoho ne tsaye a kan littafin, ƙofa kuwa tana nan da sakatarta.

"Ɗana, ɗauko dutsen gugarka ka kankare min layin nan."

"Baba, rufa min asiri, 'ya'yana biyar. Jira Abba da safe."

"Na gaya masa, na gaya wa malaminsa. Kowa sai ya ce maganar Ubangiji ce."

"To ta wa ce, in ba tasa ba?"

"Tawa ce. A gefen shafi na rubuta don in tuna wa kaina, wani mai gaggawa ya cusa ta ciki."

Raina ya ɓaci. Wata huɗu ina jiƙa fata har tafin hannuna ya tsattsage, yanzu a ce in ɓata?

"Kai tsoho, ƙarya kake! Littafin da aka kwafo wannan daga cikinsa, tun kakana bai yi gemu ba yake gidan nan."

"Shi ma daga nawa aka kwafe shi," in ji shi.

Ya ɗora yatsa a kan layin. Na matso da fitila in ture hannun, sai na ga baƙaƙen sarai ta cikin yatsan nasa.